Yanda sayen motocin shara biyu ya ɗauki wata ƙaramar hukuma wata 15

Asalin lamarin

Ƙaramar hukumar da zan yi magana a kanta ba sai na faɗi sunanta ba, ba kuma sai na faɗi ƙasar da take ba, dan abin da ya same ta yana samun ƙananan hukumomi a ko'ina. Tana da motocin kwashe shara guda 3, irin masu matse shara ta baya ɗin nan, dukansu sun kwana biyu, biyu daga ciki ma sun fi zama a gareji a kan su hau titi. Shugaban makanikai ya kusa shekara 2 yana rubuta rahoto duk bayan wata uku, yana cewa famfon haidirolik na ɗaya ya gama yawo, giyar ɗayar kuma gyaran da ake mata ya zama zubar da kuɗi kawai. Rahotannin nan suna cikin fayil, an buga musu hatimin karɓa, kuma za su sake tasowa a gaba a inda ba a zata ba.

A ƙarshe dai kansiloli suka saka sayen sababbin motoci 2 a kasafin kuɗin shekara. Kuɗi akwai, buƙata kowa ya ganta da idonsa tunda shara ta fara taruwa a bakin hanya, ba wanda ya yi musu. Abin da ya rage shi ne yanda za a saya.

Dokar saye ta wurin irin wadda aka saba gani ce, mataki uku. Ƙaramin saye jami'i zai iya yi kai tsaye ya kawo rasit. Matsakaici sai an karɓo takardar farashi daga diloli aƙalla 3. Babba kuwa dole a yi talla a fili, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a gaban jama'a a rana ɗaya da lokaci ɗaya. Inda ake yanka iyakar shi ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, misali a jihar New York ta Amurka duk sayen kayan da ya haura dala 20,000 ƙaramar hukuma sai ta yi talla, kuma ba saye ɗaya ake dubawa ba, ana haɗa duk abin da ake sa ran saya na irin kayan nan cikin wata 12. Motar matse shara ko guda ɗaya ce ta wuce irin wannan iyaka nesa ba kusa ba, dan haka tun farko kowa a ofishin ya san matakin da abin ya faɗa.

Wata na 1 da na 2: aka yanyanka sayen

Daraktan ayyuka shi ne mutane ke tarewa a hanya suna masa ƙorafin shara, shi ciyaman ke kira da sassafe, toh sai ya nemi hanya mafi kusa. Aka raba sayen gida-gida, kan mota da shasi fayil ɗaya, akwatin matse shara wani fayil, kayan haidirolik wani, haɗawa da fenti da rajista wani, haka ga kowace mota, ta yanda kowane fayil zai zauna ƙasa da iyakar talla kaɗan. Kowane fayil aka haɗa masa takardun farashi guda 3 kamar yanda doka ta ce a matsakaicin saye, aka tura wa ma'aji.

Oditan cikin gida ne ya tsayar da abin. Ya ɗauko takardun ya jera su a kan tebur kusa da juna maimakon ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, nan take ya ga kamfanoni ukun nan su ne dai a kowane fayil, kuma guda ɗaya ne kullum ke da farashi mafi ƙasa. Da ya ƙara dubawa sai ya ga an yi kuskuren rubuta sunan sashen ayyuka iri ɗaya sak a takardun kamfanoni biyu, harafi ɗaya ya faɗi a wuri ɗaya, sannan lambar wayar da ke ƙasan takardar kamfani na uku ita ce a saman takardar na farko. Wato dila ɗaya ne, sauran biyun 'yan rakiya ne. Irin waɗannan alamomi ba sabon abu ba ne, ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta lissafa su a jagorar da ta fitar a 2009 kan gano haɗin baki a neman kwangila: kuskuren rubutu iri ɗaya, rubutun hannu iri ɗaya, lambar waya ɗaya a takardun kamfanonin da ake cewa gasa suke.

Odita ya ƙi sa hannu a bauca, ya rubuta dalili biyu. Na farko mota abu ɗaya ce ko an kira sassanta da sunaye huɗu, na biyu takardun farashin ba daga mutanen da ba su da alaƙa suka fito ba. Dalilan nan biyu dokoki sun san da su. Dokar sayen kayan gwamnati ta Najeriya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan sayen kayan gwamnati, ta sa yanyanka kwangila dan a kauce wa iyaka cikin laifukan da ake hukunta mutum a kai, kuma ta ce takardun farashin su fito daga 'yan kasuwa 3 da ba su da dangantaka. Ita dokar ta gwamnatin tarayya ce, jihohi kowace da tata, amma maganar yanyankawa kusan ko'ina haramun ce, har a dokar Tarayyar Turai ta 2014. Aka mayar da fayil-fayil ɗin. Mako 7 sun tafi.

Wata na 3: aka ce gaggawa ce

Ana cikin haka motocin nan biyu masu zaman gareji suka kwanta gaba ɗaya, saura ɗaya tana zagaye garin ita kaɗai, direbobi na karɓa-karɓa har dare. Sai aka kawo shawarar a ayyana dokar gaggawa, a sayi motocin kai tsaye daga dilan nan tunda yana da su a ƙasa, a cewarsa.

Lauyar hukumar ta je da fayil ɗin gareji a hannunta. Abin da ta faɗa wa ciyaman a taƙaice shi ne, ranka ya daɗe, gaggawar da doka ta sani ita ce wadda ta faɗo ba a zata ba, ambaliya ko gobara ko hatsarin da ya cinye motoci a dare ɗaya, amma motar da makanike ya yi shekara 2 yana rubuta cewa za ta mutu, in ta mutu ba za a ce ba a zata ba, kuma duk oditan waje da ya zo rahotannin nan zai fara buɗewa. Dokar Turai ta 2014 ma ta fito da shi ɓaro-ɓaro, wai gaggawar kada ta zama hukumar ce da kanta ta jawo ta.

Abin da ta yarda da shi shi ne a yi hayar tifa 2 na wata 3 dan kada shara ta zama annoba, da takardun farashi na gaskiya daga masu haya daban-daban, kafin nan a gama talla. Tifa ba ta matse shara, dan haka sai ta yi sawu biyu ko uku a inda motar matsewa za ta yi ɗaya, ga mai ga lebura masu lodi da shebur. An ɗauka wata 3 ne. Hayar nan sai da aka sabunta ta sau uku.

Wata na 4 da na 5: tallan farko

Yanzu an yarda za a yi talla, toh amma wa zai rubuta bayanin motar da ake so? Babu wanda ya taɓa rubutawa a ofishin. Aka ɗauko ƙasidar tallan kamfani da dilan nan ya bari a tebur, aka kwafe shafin bayanin injin kaf. An cire sunan kamfanin, gaskiya ne, amma an bar girman injin daidai da lambarsa, tsawon da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya har milimita, girman tankin mai, har da ɓangaren da maɓallan akwatin baya suke. Duk wanda ya san motoci yana karantawa ya san mota ɗaya ce a duniya ke da wannan siffa. Sannan aka liƙa tallan a allon sanarwa da jarida ɗaya, aka ba da kwana 10.

Kamfanoni 4 suka karɓi takardu, 2 suka kawo tayi, ɗaya kwamitin tantance tayi ya jefar da shi saboda tankin mansa bai kai lita ɗin da aka rubuta ba duk da motar ta fi ɗaukar kaya. Ya rage mutum ɗaya, dilan farko, kuma farashin da ya kawo a wannan karon ya fi jimillar abin da ya rubuta a fayil-fayil ɗin wata na 1. Ba abin mamaki ba ne, ya san shi kaɗai ne a filin.

Wanda aka jefar ya rubuta ƙorafi cikin kwanakin da doka ta ba shi, ya haɗa da kwafin ƙasidar da kwafin takardar hukumar, ya ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka zo iri ɗaya. Ba a ma yi doguwar muhawara ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce ba a ɗaure bayanin kaya a kan samfurin kamfani ɗaya, in ma dole ta sa an ambaci suna dan a gane abin da ake nufi, sai an ƙara da "ko makamancinsa", kuma a yarda da makamancin in ya zo. Kwana 10 ɗin ma sun gaza abin da dokar wurin ta tanada. Dan a kwatanta, dokar Najeriya kamar yanda aka rubuta ta a 2007 ta ce mako 6 da jaridun ƙasa aƙalla 2, a Turai kuma kwana 35 ne a buɗaɗɗen talla. Dila mai gaskiya yana buƙatar lokacin nan, sai ya tuntuɓi masana'anta ya ji yaushe mota za ta fito, ya je banki ya karɓo takardar lamuni, ya lissafa kuɗin jigila. Wanda kawai zai iya shiryawa cikin kwana 10 shi ne wanda ya riga ya san da maganar. Aka soke tallan.

Wata na 6 zuwa na 9: talla na biyu, mafi araha ya ci

Tsoron ƙorafi ya sa aka koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Sabon bayanin layi biyar ne, motar matse shara, sabuwa, mai aiki da dizal, guda 2, a kawo cikin kwana 60. Shikenan. Babu nauyin da za ta ɗauka, babu maganar garanti ko kayan gyara, babu yanda za a duba ta in ta iso. An dai ba da cikakken lokaci a wannan karon, an kuma buga a inda ya kamata.

Tayi 7 suka shigo, aka buɗe a zauren taro a gaban wakilan kamfanoni, sakatare na karanta suna da farashi da ƙarfi ana rubutawa a allo. Shida sun taru kusa da juna, ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, nesa da kowa. Shugaban makanikai da ke zaune a baya ya ce da wannan kuɗin ba a sayen sabuwar mota irin wannan, ko shasin kaɗai da ƙyar. Kwamiti ya duba takarda, takarda ta ce mafi araha, kuma babu wani sharaɗi a layi biyar ɗin nan da kamfanin ya karya. Dokoki da yawa sun ba kwamiti dama, wasu ma sun wajabta masa, ya rubuta wa mai tayin da ya yi araha fiye da kima ya zo ya yi bayanin yanda ya kai ga farashin kafin a ba shi. Ba a yi ba, ana ganin kowace wasiƙa ƙarin mako biyu ce, ga haya na ci.

Kamfanin ya nemi kuɗin kafin alƙalami. A nan ma'aji ya kafe, ya ce ba zai saki ko kwabo ba sai an kawo masa takardar lamunin banki da ta rufe kuɗin duka, irin wadda banki zai biya da zarar an nema ba tare da sharaɗi ba, kuma sai da ya rubuta wa bankin da kansa suka tabbatar masa takardar tasu ce. An ji haushinsa a lokacin, kwana 9 aka yi ana jiran amsar banki.

Kwana 60 suka wuce ba mota. A kwana na 85 aka shigo da guda ɗaya, tana ƙyalli, an ɗaura mata ƙyalle a gaba. Shugaban makanikai bai tsaya kallon fenti ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da tocila. Ya ga sabon baƙin fenti a kan tsatsa, kusoshin da ke riƙe akwatin baya kawunansu sun cinye alamar an sha kwancewa da ɗaurawa. Ya fito ya duba tayoyi, ai kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, na gaba sababbi ne, na ciki na baya waɗanda ido ba ya kaiwa sun girmi takardar motar da shekaru. Ya goge wurin lambar shasi da tsumma da ɗan fetur, ya kwafe haruffa da lambobi 17 ɗin, aka aika wa wakilin masana'anta. Amsa ta dawo cewa motar ta yi shekaru tana aiki a wata ƙasa kafin a sabunta ta.

Kalmar "sabuwa" da ke cikin layi biyar ɗin nan ita kaɗai ta ceci hukumar, da ita aka ƙi karɓar motar aka soke kwangilar. Bankin ya dawo da kuɗin kafin alƙalami cikin makonni kaɗan. Kuɗi ba su salwanta ba, amma wata 9 sun tafi, babu mota ko ɗaya, tifofin haya na nan suna ta sawu.

Wata na 10: aka fita daga ofis

A nan ne aka canja hanya, kuma wadda ta canja ta wata jami'ar saye ce da aka turo daga wani sashe, ba babba ba ce a muƙami. Ta roƙi a ba ta mako 3 kafin a sake buga komai. Ciyaman bai so ba, amma bayan abin da ya faru sau huɗu ba shi da wata hujja, wani kansila ma ya ce ai sauri ya riga ya haifi nawa.

Abin da ta yi a mako ukun nan ba wani abin ban mamaki ba ne. Ta shiga motar da ta rage tare da direba da lebura ta bi zagaye tun asuba. Aka auna lungu mafi ƙunci da mota ke shiga, da kwanar da direbobi suka fi tsoro, da gangaren da ke hanyar juji wanda ke zama taɓo in an yi ruwa. Aka kai motar kan sikeli a cike da kuma wayam na kwana shida a jere dan a san ainihin nauyin sharar da ake kwasa a rana, sai aka gano sharar wurin jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, da ƙasa a ciki, mota na kaiwa iyakar nauyinta tun akwatin bai cika ba. Kenan babban akwatin da ke cikin ƙasidar dilan farko, wanda aka kusa saya har sau uku, rabinsa iska zai riƙa ɗauka, kuma da tsawonsa ba zai shiga unguwanni biyu ba sam. Ba wanda ya san haka a ofis, direbobi kuwa sun sani tuntuni, ba a dai taɓa tambayarsu ba.

Ta zauna da makanikai ta buɗe littafin gareji, ta ga abin da ya fi kwantar da motocin ba injin ba ne, jiran kaya ne, roba ɗaya ta haidirolik sai a yi wata guda ana jira. Sannan ta yi sanarwa a fili cewa duk dilan da ke so ya zo taro rana kaza a faɗa masa abin da hukuma ke shirin saya, shi ma ya faɗi abin da kasuwa ke da shi. Kamfanoni 9 suka zo, aka rubuta duk tambaya da amsa aka liƙa dan wanda bai zo ba ya gani. Ta ƙi ganin kowane dila shi kaɗai a ofishinta.

Wata na 11 zuwa na 13: talla na uku

Sabuwar takardar ta faɗi aikin da motar za ta yi, ba ta siffanta wata mota ba. Nauyin da za ta ɗauka kada ya gaza kaza, faɗinta da tsawonta kada su wuce kaza saboda lungunan nan, ta iya hawa gangaren juji a cike, sabuwa wadda ba a taɓa yi wa rajista ba, kuma a kawo wasiƙar masana'anta mai ɗauke da lambar shasi kafin a loda ta. Garanti shekara 2 kan injin da haidirolik. Jerin kayan gyara 20 da suka fi lalacewa, dila ya rubuta farashin kowanne ya ɗaure kansa a kai na shekara 3, kuma ya kawo cikin awa 72 in an nema ko a cire masa tara. Koyar da direbobi da makanikai. Biyan kuɗi kashi-kashi, mafi yawa bayan an duba an gwada an karɓa, a riƙe wani kaso sai motocin sun yi wata 6 suna aiki.

Abu mafi muhimmanci, an rubuta tun a cikin tallan yanda za a auna tayi. Za a ɗauki farashin saye, a ƙara kuɗin man da motar za ta sha a shekara 7 bisa kilomitar da aka auna, a ƙara sabis da kayan gyaran nan 20, wanda jimillarsa ta fi ƙasa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa shi ya ci. An saka lissafin da misali a shafi na ƙarshe, kowane dila zai iya zama da kalkuleta ya san makinsa kafin ya kawo. Wannan hanya doka ta san da ita, dokar Turai ta 2014 tana da sashe guda a kan kuɗin da kaya zai ci tsawon rayuwarsa, dokar Najeriya ma ba "mafi araha" kawai ta ce ba, cewa ta yi mafi ƙasa bayan an tantance cikin waɗanda suka amsa sharuɗɗa. Sharaɗin dai a faɗi ma'aunin kafin a buɗe ambulan, ba bayan an ga farashin kowa ba.

An kuma saka wata takarda da kowane mai tayi zai sa wa hannu cewa bai tattauna farashinsa da abokin gasa ba. Wasu sun ga kamar ƙarin takarda ce kawai, amma kasuwar manyan motoci tana da tarihi a nan. A Yulin 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanonin Daimler, DAF, Iveco da Volvo/Renault tarar kusan yuro biliyan 2.93 saboda sun yi shekara 14, daga 1997 zuwa 2011, suna haɗa baki kan farashin manyan motoci, kamfanin MAN ya tsira daga tara dan shi ya tona, Scania kuma aka ci shi yuro miliyan 880 a 2017. A Jamus ma a 2011 an ci wasu masu ƙera motocin kashe gobara tara saboda raba kasuwa a tsakaninsu, kuma masu sayen motocin nan ƙananan hukumomi ne. Takardar ba ta hana haɗin baki, amma in an kama mutum daga baya ga sa hannunsa.

Aka ba da mako 6. Tayi 6 suka shigo, ɗaya ya iso bayan an rufe akwati da minti 20 aka mayar masa da ambulan ɗinsa ba a buɗe ba, ɗaya bai kawo wasiƙar masana'anta ba ya fita. Cikin 4 da suka rage, wanda ya fi araha a farashin saye ya koma na uku da aka haɗa mai da kayan gyara, na biyu a farashin saye shi ya zo na ɗaya. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai ya sa hannu kafin a haɗa.

Ba a sa hannu a kwangila nan take ba, aka rubuta wa duk waɗanda suka faɗi, kowa da lissafinsa da na wanda ya ci, aka jira kwana 10. Mai arahar farashin saye ya yi ƙorafi kamar yanda aka zata, ya kuma bi ta wajen wani kansila. Amsar da aka ba shi shafi ɗaya ce, ga lissafin da ke cikin tallan da ka karɓa, ga alƙaluman da kai ka rubuta da hannunka, ga jimilla. Bai ɗaukaka ƙara ba.

Wata na 15 da abin da ya biyo baya

Motocin suka iso kwana 5 kafin wa'adi. Aka duba lambar shasi da wasiƙar masana'anta, aka loda su aka hau sikeli, aka bi da su lungun nan da gangaren juji, sannan aka sa hannu a takardar karɓa. A makon aka sallami tifofin haya. Daga ranar da jami'ar ta shiga motar shara zuwa ranar karɓa wata 6 ne.

A shekarar farko ɗaya daga cikin motocin ta samu matsalar bawul na haidirolik, dila ya kawo a kwana na huɗu maimakon na uku, aka cire masa tarar kwana ɗaya daga kuɗin da aka riƙe, bai yi gardama ba tunda a rubuce take. Da ma'aji ya haɗa kuɗin hayar tifa na wata 12 da ƙarin mai da na lebura, abin ya ci wani babban kaso na kuɗin mota guda, kuma daga kuɗin gyaran magudanun ruwa aka ciro shi.

Abin da na gani a lamarin

Har yau in aka yi maganar a wurin akwai masu cewa ƙa'idar talla ce ta jawo wata 15, ni kuma ban yarda ba, kuma lissafin watannin yana nan a sama. Bin ƙa'idar daga farko zuwa ƙarshe wata 6 ya ci, har da jiran masana'anta. Sauran 9 ɗin an kashe su ne wajen neman hanyar da za a kauce mata, ko bin ta da rabin zuciya. Kuma ban ɗauka daraktan ayyuka ɓarawo ba ne, ban ga abin da ya nuna haka ba, mutum ne da aka matsa wa lamba ya kama dilan da ya fi kusa da shi. Amma ƙa'idar ba ta dogara da niyyar kowa ba, shi ya sa nake ganin darajarta, da mai niyyar kirki da mai mugunta duk takarda ɗaya za su cike.

Abin da ya fi damuna shi ne talla na biyu, dan a takarda komai daidai ne, an buga, an ba da lokaci, an buɗe a fili, mutum 7 sun yi gasa, kuma da shugaban makanikai bai shiga ƙarƙashin motar nan ba da an biya kuɗin sabuwa an karɓi tsohuwa, odita ma ba zai ga komai ba. Gasa ba ta iya gyara takardar da ba ta faɗi abin da ake so ba, diloli za su yi gasa ne a kan abin da aka rubuta musu. Wahalar aikin tana cikin mako ukun nan na awo da sikeli da littafin gareji, kuma shi ne ɓangaren da babu dokar da ke iya tilasta wa ofis ya yi shi da kyau. Mutum huɗu da suka tsaya, odita, lauya, ma'aji da makanike, kowannensu an kalle shi a matsayin mai kawo cikas a ranar da ya tsaya.

Akwai kuma abin da ba a warware ba. Kason ƙarshe da aka riƙe wa dilan ya kamata a biya shi da cikar wata 6, sai da ya yi kusan wata 3 yana zarya tsakanin ofishin ma'aji da na sakatare kafin ya karɓa, alhali shi an cire masa tarar kwana ɗaya ba tare da ɓata lokaci ba. Labarin ya zagaya a tsakanin diloli. Hukumar na shirin tallan gireda a kasafin da ke tafe, kuma biyu daga cikin kamfanonin da suka yi gasa a motocin shara sun riga sun faɗa wa jami'ar saye cewa in sun shiga, sai sun ɗora kuɗin jiran biya a kan farashinsu. Ta rubuta wa ciyaman tana neman a saka wa'adin biya na kwana 30 a cikin kwangila, tare da kuɗin ruwan da hukuma za ta biya in ta makara. Takardar na teburin kwamitin kuɗi, ba a zauna a kanta ba tukuna.